Filin Tanis ɗin Yahuza da Barkonon Matan Hunkuyi

Yahuza taubashina ne. Babana da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da na faɗa a kansa a nan babu inda zai kai ni ƙara. Tun muna yara a Hunkuyi nake ce masa Zalɓe, saboda ƙafafunsa sun yi ta tsawo sun bar naman a baya. Shi kuma yana ce mini Uwar Yaji, wai don ina sayar da busasshen barkono a kasuwa. Ni na san da bakina yake, ban dai taɓa nuna masa na gane ba. Sunana na yanka Mukarrama, kuma rabon da in ji shi a bakin Yahuza har na manta.

Da ya gama firamare aka tura shi sakandare a Zariya. Mu a gida muna jiran ya dawo likita, in an rasa ko malamin gona ne. Hutun farko sai ga shi da wani abu rataye a kafaɗa, kai ka ce rariya ce aka yi wa mariƙi. Goggo, mahaifiyarsa, ta karɓa ta juya gaba ta juya baya, ta ce ramukan sun yi faɗi, ko tsakin masara ba za ta tare ba. Ya ce sunanta raket, da ita ake buga tanis. Ya zauna ya yi mana bayani tiryan-tiryan: mutum biyu ne, raga a tsakaninsu, da wata 'yar ƙwallo mai gashi-gashi, kowa na ƙoƙarin mayar wa ɗan'uwansa ita. Goggo ta gama saurare tsaf, sannan ta ce, "To idan duk ba kwa son ta, me zai hana ku ajiye ta ku huta?"

Bai ajiye ba. Wani malamin wasanni a makarantar ne ya ga ƙafafun nan ya ce ba za a bar su a banza ba, kuma kafin Yahuza ya gama sakandare ya fi ƙarfin malamin. Daga nan sai Kaduna, sai Legas, sai Kwatano da Akra. Ya ci abinci da tanis, wannan ba zan hana shi ba. Amma kada ku ɗauka irin wanda kuke gani a talabijin ne. Motar dare yake bi, ya sauka da kumburarrun ƙafafu ya shiga fili. Shi yake ɗaure wa raket ɗinsa zare in ya tsinke, shi yake wanke fararen kayansa a bokiti ya shanya a tagar masauki. Sau ɗaya ya hau jirgin sama zuwa Masar, aka fitar da shi a wasan farko. Har yau in na so in kunna shi sai in ce zaman da ya yi a filin jirgi ya fi wasan tsawo, kuma bai taɓa musantawa ba.

Shekarar da ya fi tashe ya kai wasan kusa da na ƙarshe a wata babbar gasa a Legas, har jarida ta buga hotonsa. Aka kawo wa Goggo. Ta yi murna, ta sa aka yi masa gilashi ta rataye a ɗakinta. Sai dai hoton ya nuna ɗanta, magidanci da gemunsa, cikin gajeren wando, gwiwoyi a waje kowa na kallo. Ta yanko wani ƙyalle ta liƙe daga ƙugu zuwa ƙasa. Duk wanda ya shiga gaishe ta sai ya ga zakaran Hunkuyi ya ɗaga raket sama yana ɗaure da zanin atamfa.

Kafaɗarsa ta dama ce ta fara gajiya kafin shi. Aka yi na asibiti aka yi na gida, ta ƙi komawa daidai. Sai ya koma koyarwa a wani kulob na manya a Kaduna, inda alhazai masu tumbi suke zuwa da yamma don likita ya ce su motsa jiki. Aikinsa shi ne ya buga musu ƙwallo daidai inda suke tsaye, kada su wahala, in sun mayar ya yaba musu. Ya ce mini wani har waya yake amsawa da hannu ɗaya yana wasa da ɗayan. Ya daɗe yana wannan, ana ce masa Koci, yana samun na cefane, amma ransa ba ya ciki.

Da mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gado, Yahuza ya ba kowa mamaki. Ya bar wa 'yan'uwansa fadama da gonar rake, ya ce shi a ba shi tudun marmarar nan na bayan gari, inda ko ƙaya sai ta yi da gaske take fitowa. 'Yan'uwa suka amince da sauri kafin ya farfaɗo. Ya ɗauko magini daga Makarfi aka yi daɓen siminti. Ya sa aka kwara ruwa, ya ga ya kwanta a wani gefe, ya ce a fasa a sake. Maginin ya rantse ko ɗakin amarya bai taɓa sha masa wuya haka ba. Aka shafa koren fenti, aka ja fararen layuka, aka ɗaura raga, aka gina ɗan bango a ƙarshen fili na buga ƙwallo ita kaɗai tana dawowa. Ranar da aka gama na je kallo, na tambaye shi wa zai buga a nan, aljanu? Bai yi dariya ba. Ya ce, "Uwar Yaji, abu ɗaya nake roƙon Allah. Yaro ko yarinya, ko guda ɗaya, ya tashi daga filin nan a ɗauke shi Kaduna ya buga wa jiha. In na ga wannan, ban yi yawon banza ba."

Samari ne suka fara zuwa. Suka buga na 'yan kwanaki, suka ga ba a cin gola ba a rungume juna, suka koma wa ƙwallon ƙafarsu. Fili ya zauna fes, ba kowa sai Yahuza da tsintsiyarsa.

Sai kaka ta zo, barkono ya nuna. Wanda bai san sana'armu ba ba zai gane abin da idon mai barkono yake gani in ya kalli filin nan ba. Shanya ita ce rabin aikin. A ƙasa ka shanya, yashi ya shiga, mai saye ya tauna ya ji ƙaras ya rage maka daraja. A bakin titi ka shanya, mota ta bi ta kai. Ga wuri nan shimfiɗeɗɗe, ba yashi, ba ciyawa, rana tana dukansa tun safe har yamma, kuma an share shi tas. Goggo ce ta fara. Ta aiko da kwando biyu na tattasai ta ce a baza mata a ɗan gefe, ai ba zai tsare wa kowa komai ba. Wa zai hana uwarsa shanya? Wanda kuma ya bar uwarsa, da wane baki zai hana ƙanwar uwarsa, da matar maƙwabci, da taubashiyarsa? Kafin mako ya zagayo koren fentin nan ya koma ja wur.

Fararen layukan ma sun yi mana rana. Da can kullum sai an yi rigimar barkonon wance ya shiga na wance. A filin Yahuza kuwa an riga an ja wa kowa iyaka. Dogon lungun gefen gabas nawa ne. Akwatin da ke kusa da raga na Goggo. Na bayansa na Angelina, matar Benson mai walda, mutanen kudancin Kaduna da suka daɗe a garinmu har 'ya'yansu sun fi mu iya zagi da Hausa. Ragar kuma ta yi daidai da shanyar zani. Barkono in an baza shi ba a kwashewa sai ya bushe, kwana da kwanaki yana nan, wani na tashi wani na sauka. Daga kaka har ƙarshen sanyi babu tanis sai a jikin ɗan bangon nan.

Shanya kuwa sai da mai tsaro, don bayan girbi ake sakin awaki, ga kaji. Matan aure ba za su zo su zauna a bayan gari ba, 'yan mata ake turowa in sun taso daga makaranta. Sai su jeru a inuwar bango suna kallon Yahuza yana dukan ƙwallo shi kaɗai yana huci. Wata rana wani bunsuru ya lallaɓo ta can ƙarshen fili. Beauty, 'yar Angelina, lokacin ba ta wuce 'yar firamare ba, ko tashi ba ta yi ba. Ta ɗauki ƙwallon mangwaro ta auna, ta same shi a tsakiyar goshi. Yahuza ya dubi bunsurun, ya dubi nisan, ya miƙa mata raket.

Haka aka fara. Bilki da Sadiya da sauran masu tsaron shanya duk suka koya, amma Beauty daban take. Ba ta da tsawo, ba ta da surutu, sai naci. In ƙwallo ta wuce ta sai ta bi ta da harara kamar ta zage ta. Shekara na bin shekara, ta fi ƙarfin bango, ta fi ƙarfin 'yan'uwanta, ta fara sa Yahuza gudu. Da damina ba ya ganin su sosai, suna gona suna makaranta. Lokacin barkono ne suke wuni a wurinsa. Ni na lura da haka tuntuni, shi bai lura ba, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Bara, ana tsakiyar shanya, labari ya zo cewa za a yi gasar zaɓen 'yan mata a Kaduna cikin hutun ƙarshen shekara. Waɗanda aka zaɓa za a sa su makarantar kwana a can, ana koya musu karatu ana horar da su, su riƙa buga wa jiha. Akwai iyakar shekaru, kuma Beauty tana bakin iyakar. In ta wuce bana, shi ke nan. Yahuza ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce bango ba ya koya wa mutum gudu gefe da gefe, ba ya koya masa karɓar sabis, wato bugun farko da ake buɗe wasa da shi. Yana buƙatar filinsa gaba ɗaya, yau ba gobe ba.

Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Kowa ta ce masa to. Irin to ɗin nan ce da ba ta ɗaga ko kwando ɗaya. Ba mugunta ba ce, barkonon ɗanye ne, in ka tara shi a buhu ya ruɓe, wahalar shekara ta tafi. Ya jira, ya sake roƙo, aka sake ce masa to. Ran nan sai ya sa babbar riga ya tafi wurin Mai Unguwa Sa'idu.

Mai Unguwa bai da abin da zai ce sai gaskiya: fili na Yahuza ne, gadonsa ne, guminsa ne. Ya aiko a gaya wa masu shanya su kwashe har a gama gasa. Hukuncin bai ba mu haushi ba. Abin da ya ba mu haushi shi ne a cikin masu shanyar nan akwai Goggo. Duk yadda ka juya maganar, Yahuza ya kai uwarsa ƙara gaban Mai Unguwa. Goggo ta ɗaura ɗankwali ta zo da kanta, da tsufanta, ta durƙusa tana tattara tattasanta. Muka bi bayanta. Kafin la'asar mun kwashe tas, muka share, har ruwa muka ɗebo muka wanke masa filin, don ya san ranmu ya ɓaci.

Shi kuwa Zalɓe bai karanci komai ba. Ya zo ya ga kore ya dawo, ya yi ta murmushi, ya ɗaure raga ta yi tsam, ya buɗe sabon gwangwanin ƙwallo yana shinshinawa. Washegari ya zo da wuri ya tsaya yana jira. Ba Beauty, ba Bilki, ba Sadiya. Ko bunsurun bai zo ba.

Ina za su zo? Barkono ya koma kan wani faffaɗan dutse a hanyar Taba, tafiya mai nisa daga gari. Can kuwa ba awaki kaɗai ba, har shanu ke bi, ga shi ba a barin kaya su kwana, sai a kai da safe a kwaso da yamma. Duk yarinyar da ke tsaron shanya ta koma can, daga fitowar rana har faɗuwarta, ta dawo da buhu a ka. Yahuza ya je gidan Benson. Angelina ta fito ta gaishe shi da ladabi, ta kawo masa ruwa, ta ce, "Koci, ni ban hana ta ba. Barkonon ne ba ya tsare kansa. Babanta yana shago, ni ina wurin tsinka, ƙannenta ƙanana ne. Shi muke ci har wata kakar. Ka gaya mini wa zan tura."

Yahuza ya koma filinsa, ya cika kwando da ƙwallo, ya buga su duka zuwa ɗaya gefen, ya zagaya ya tsince, ya sake bugowa. Na wuce na gan shi na ce, "Zalɓe, wa ke ci?" Bai kula ni ba. Ya gwada bin Beauty can kan dutsen da raket biyu. Dutsen kuwa a karkace yake, duk ƙwallon da ta faɗi sai ta gangara ta shige gonar raken mutane, suka wuni nema. A hanyar dawowa ya tarar da Goggo tana tafe a ƙasa da ƙullin tattasai a ka. Ya tsayar da mashin ya ce, "Inna, hau in kai ki." Ta ce, "A'a, wuce abinka. Kada in ɓata maka mashin da barkono." Ya gaya mini daga baya cewa duk kayen da ya sha a Legas da Masar babu wanda ya yi masa zafin wannan.

Kwanaki suna ta tafiya, gasa tana matsowa, yarinya ko raket ba ta taɓawa. Ran wata Juma'a da hantsi sai ga sallamarsa a ƙofar gidana. Ya zauna a kan tabarma ya fara gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya kasuwa, yaya ƙafar da na ce tana ciwo. Tunda muke da shi bai taɓa gaishe ni ya wuce "Uwar Yaji, ba ki mutu ba?" Na bar shi ya kai ƙarshe, har ya sake ɗaukowa daga farko.

"Mukarrama," in ji shi.

"Au, ashe ka san sunana."

"Na yi wauta."

"Wannan ai gari ya sani. Sabon labari nake jira."

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. "Ni duk zatona ni na tara yaran nan. Ashe barkono ne ya kawo mini su. Na kori barkono, ya tafi da kayansa. Yarinyar nan in ta rasa bana, ni na jawo mata. Ki taimake ni a dawo."

Na so in ja shi da nisa, don irin wannan dama ba kullum take samuwa ba. Amma na ga idonsa ya yi ja, kuma ni ma ina son yarinyar. Na ce ba aike za a yi ba, da ƙafarsa zai bi gida gida, ni ina biye ina shaida. Muka fara da Goggo. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, dogayen ƙafafun nan sun naɗe har gwiwa tana taɓa kunne, ya ce, "Inna, na yi kuskure, ki yafe mini." Ta daɗe tana tsince wake a faifai ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Da ka zo ka ce mini, Inna, abin nan shi ne raina, da na kwashe ko a kan rufin ɗaki in shanya. Sai ka zo kana ce mini sabis, sabis. Ni na san sabis?" Ta share ido da bakin zani ta ce ya tashi, Allah ya yi masa albarka.

Angelina ce ta kawo dabarar da ta raba gardama. Ta ce a daina bazawa a kan siminti kai tsaye, a shimfiɗa tampol irin na masu hatsi a baza a kai. In la'asar ta yi a kama bakin tampol a ja gefe, a yi wasa har magariba, da safe a ja a mayar. Aka ce wa zai riƙa jan? Duk muka juya muka kalli Yahuza. Sai kuma aka koma wurin Mai Unguwa don ya janye hukuncinsa. Ya saurara, ya gyara rawani, ya ce tunda ya gaji kujerar nan bai taɓa ganin wanda ya ci shari'a ya dawo yana roƙon a kayar da shi ba.

Lokacin da ya rage kaɗan ne, kuma an yi amfani da shi. Kullum la'asar Yahuza da 'yan matansa su ja tampol, ya ce wannan ma horo ne na ƙarfin cinya. Komai sharar da aka yi, yajin yana nan a filin. Ƙwallo na dira yana tashi, mai wasa na atishawa, mai kallo na atishawa. Beauty tana bugu hawaye na zuba, ba ta tsayawa sharewa, don duk wanda ya kai hannu ido a filin nan ya gama wasan ranar. Mu kuma da muka zo jiran kayanmu muka zama 'yan kallo, daga nan muka zama masu koyarwa. Goggo, wadda ta ce a ajiye ƙwallo a huta, ita ce mai cewa, "Ke, ta hagunsa za ki kai masa, ba ya iya juyawa."

Abin da ba zan manta ba shi ne sabis. Tun da kafaɗarsa ta lalace Yahuza bai ƙara ɗaga hannu sama ya buga da ƙarfi ba. Amma ya ce 'yan Kaduna ba za su tausaya mata ba, dole ta saba da mai zafi. Ya riƙa cilla ƙwallo sama yana dukanta da iyakar ƙarfinsa, kowane bugu sai ka ga fuskarsa ta yamutse. Kwando bayan kwando. In an tashi, da hannun hagu yake sa hula. Goggo ta riƙa gasa masa kafaɗar da ruwan zafi tana yi masa faɗa, gobe kuma ya koma. A nan na daina ganin abin a matsayin wasa.

Angelina ba ta iya barin barkono ba, don haka ni na raka Beauty da Yahuza Kaduna. Na ga yara da manyan jakunkuna, kowace da raket kamar za ta buɗe shago. Tamu guda ɗaya ce a hannunta, tsohuwar raket ɗin Yahuza. Ba wanda ya gaya mini ana yin shiru a wasan nan. Da Beauty ta ci bugun farko na rangaɗa guɗa, wani mutum a kan doguwar kujera ya juyo ya ce a yi shiru don Allah. Na ce masa 'yarmu ce. Yahuza ya ja mayafina ya ce in zauna kafin a kore mu duka.

Ta ci wasan farko, ta ci na biyu. Na uku ta haɗu da wata doguwa 'yar gari da ta yi mata fata-fata, ta fito tana cije leɓe. Ya rage wasa ɗaya, wadda ta ci an ɗauke ta, wadda ta faɗi ta koma gida. Ban iya lissafin tanis ba, har yau ban gane shi ba, don haka fuskar Yahuza na riƙa kallo. Aka daɗe ana yi, rana ta take, ɗaya yarinyar ta fara jan ƙafa tana neman inuwa. Beauty kuwa da ta wuni a kan dutsen hanyar Taba, wannan rana ba ta ce mata komai ba. Can na ga Yahuza ya miƙe tsaye a hankali, ya ɗora hannun hagu a ka, bakinsa yana motsi ba sauti. Sai na sake guɗa, wannan karon ba wanda ya hana ni.

Aka ɗauke ta. Bayan hutu Benson ya kai ta makaranta da akwatin ƙarfe da ya ƙera mata da hannunsa. Yahuza ya yi mako yana yawo a gari ana yi masa barka, har 'yan'uwansa masu fadama suka zo da rake.

Wata rana da hantsi, ana shanyar ƙarshe ta shekara, muna filin ni da shi muna mayar da tampol, wayarsa ta yi ƙara. Hannunsa duk yaji, sai ya ce in danna masa in buɗe murya. Beauty ce. Ta gaishe shi, ta gaishe ni, ta tambayi Goggo, sannan muryarta ta karye. Ta ce sabon kocinsu ya ce yadda take riƙe raket tsohon yayi ne, yanzu ba a wasa da shi, in ba ta canza ba ba za ta yi nisa ba. An juya mata hannu gaba ɗaya. Duk ƙwallon da ta buga sama take tafiya, yaran da ta cinye suna yi mata dariya.

"Koci, ni naka na iya," in ji ta. "In ce masa ba zan canza ba?"

Na dubi Yahuza. Na san abin da yake so ya ce, don a fuskarsa yake. Shekarun nan duka, abin da ya sa a hannun yarinyar nan shi ne kaɗai abin da ya mallaka.

Ya gyara murya ya ce, "Beauty, ki saurare ni. Gaskiya ya gaya miki. Nawa na da ne, haka aka koya mini, ni ma iyakar inda ya kai ni ke nan. Ki riƙe yadda ya ce. Za ki sha wuya wata ɗaya ko biyu, ki daure."

"To ai duk abin da ka koya mini zai tafi."

"Ya tafi. Ba don ki yi irin wasana na kai ki ba. Ki saki nawa, kin ji ko?"

Ta ce to, a hankali. Suka yi sallama.

Na mayar masa da wayar aljihu. Tsokana ta zo mini har bakin leɓe, irin wadda da can ba zan bari ta wuce ba, sai na ji ba zan iya ba. Tausayinsa ya kama ni, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar na ranar ba. Ya tsaya yana kallon raga, ya ja hanci, ya ce yajin bana ya fi na bara ƙarfi. Na ce haka ne, ya fi. Sannan ya sunkuya ya kama bakin tampol da hannun hagu, na kama ɗaya bakin, muka ja shi zuwa rana.